Ƙarƙashin Tabarma a Ƙofar Gidan Ioelu

Lahadi, 3 ga Maris, da yamma

Manase, ɗan wasan ƙungiyar mijina, yana numfashi. Da wannan zan fara, don shi ne abin da nake da shi yau. Inji ne ke taya shi, amma dai yana numfashi, na gode wa Allah.

Ba mu je coci ba. Tun da na auri Kelemete ban taɓa ganin Lahadin da ya zauna a gida ba. Ko lokacin da muke Faransa yana buga zari-ruga, ranar da aka ɗinke masa gira sai da ya ja ni muka je, ido a kumbure kamar ƙwai. Yau kuwa yana zaune a gareji tun safe, da rigar koci ta jiya a jikinsa. Ciyawar filin tana nan a gwiwar wandonsa inda ya durƙusa. Na kai masa gwaza da madarar kwakwa, na koma na ɗauko kwanon yadda na ajiye shi.

Abin da ya faru jiya a fili ba zan rubuta ba. Duk garin nan na Logan ya gani, waɗanda ba su je ba an tura musu a waya. Asibiti zan rubuta. Mun isa mun tarar dangin Manase sun cika baranda. Fuatino, uwarsa, ƙawata ce, benci ɗaya muke zama cikin mawaƙan coci, ita ke mintsinina in na saki murya. Na nufe ta, sai ta kafa wa takalmina ido. Ioelu, ubansa, ya miƙe ya dubi mijina Kele, sa'annan ya juya ya fuskanci bango. Da zaginmu ya yi da ya fi min sauƙi.

Gidanmu da nasu ƙauye ɗaya muka fito a tsibirin Savai'i, can Samoa. Ban san yadda za mu rayu a garin nan Ioelu yana ba mu baya ba.

Litinin, 4 ga Maris, da safe

Manase bai farka ba. Kele bai ci ba. 'Yata Teuila ta shirya ta tafi makaranta ba tare da na yi mata ihu ba, ko wannan na gode.

Laraba, 6 ga Maris, da rana

Mista Holt ya zo, manajan ƙungiya. Ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne. Shi ya tsaya kai da fata har aka ba Kele kujerar babban koci, lokacin da wasu ke cewa mutanenmu ƙarfi kawai suka iya, tsara wasa ba nasu ba ne. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce masa, safarsa ɗaya a huje.

Ya ce za a yi bincike, Kele ya huta a gida har a gama. Ya ce likita ya duba Manase bayan buguwar farko da ya yi a kai ya ce zai iya komawa fili, saboda haka a wajen hukuma Kele ba shi da laifi. Sai ya sassauta murya ya ce, "Amma Kele, don Allah kada ka je asibitin nan kuma. Kada ka kira su. Lauyoyi sun ce ko 'ku yi haƙuri' kada ta fito daga bakinka, sai an kammala."

Mama Apaula, surukata, tana kujerarta tana fifita. Turanci ba ya shiga kunnenta sai in ta ga dama.

"Leitu, me jan kunnen nan yake cewa?"

Na gaya mata.

"Kada a ba da haƙuri?"

"Haka ya ce, Mama."

"Ɗan mutane yana kwance?"

"Lauyoyi ne suka ce."

"Lauyoyin nan uwa ce ta haife su, ko a kanti aka sayo su?"

Mista Holt ya dube ni yana jiran fassara. Na ce masa tana tambaya ko zai sha shayi. Ya sha kuwa, kofi biyu. Kele bai ɗaga kai ba har mutumin ya tafi.

Alhamis, 7 ga Maris, bayan na taso aiki

Na gode wa Allah da ya yi tsofaffi. A gidan kula da su inda nake aiki babu wanda ya san an yi wani wasa ranar Asabar. Tsohuwar da nake yi wa wanka ta ce hannuna ya yi sanyi yau, ta kama shi ta sa a ƙirjinta wai ta ɗumama min. Na juya na ce sabulu ne ya shiga idona.

A shagon gwaza kuwa ina shiga aka yi tsit. Mata huɗu, duk na san sunan jikokinsu. Ɗaya ta ce, "Leitu, ya maigidan?" da irin muryar da ake tambayar mai cutar ajali. Na ce lafiyarsa ƙalau, yana gaishe ki, ya ce ki rage gishiri. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na biya na fito.

Na dawo na tarar da tukunya a bakin ƙofa, kifi da ɗanyar ayaba, har lokacin da ɗuminta. Ba suna. Ko wace ce, Allah ya sani, na gode mata.

Asabar, 9 ga Maris, da hantsi

Yau ƙungiya na wasa, mataimakin Kele ne ke jan su. Mijina bai san yadda ake yin Asabar a gida ba. Ya yanke ciyawa. Ya wanke mota. Ya sake yanke ciyawar da ya yanke, har Mama ta leƙa ta taga ta ce, "Kelemete, gashin kanka ya riga ya tafi, ka bar wa tsakar gida nata." Bai yi dariya ba, amma ya kashe injin.

Ni kaina gidan ya yi min wani iri. Na saba Asabar da hayaniya: yana neman usur ɗinsa yana cewa ni na ɓoye, yana jera cokula a teburin cin abinci, wannan cokali ya ruga nan, wancan ya tare can, kwalbar barkono ce alƙalin wasa. Tun muna Faransa haka, muka je Japan haka, muka dawo nan haka. Na sha cewa ranar da zan huta da ƙwallon nan mai kama da gwanda sai na yi rawa a titi. To ga ranar ta zo, ban ga rawa ba.

Kuma Asabar da yamma Manase kan biyo shi gida. Kele ne ya gano shi tun yana sakandare, ya je har gida ya roƙi Ioelu ya ba shi yaron ya horar. Yaron ya girma ya zama ƙato, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin ɗina, amma bai taɓa zama a kujera ina tsaye ba. In na ce ya ƙara abinci sai ya ƙara ko ya ƙoshi. Sau ɗaya na gwada shi don tsokana, na yi ta cewa ƙara, yana ta ƙarawa, gumi na zuba, har na ji tausayinsa na ƙwace kwanon.

Ba zan ci gaba ba.

Lahadi, 10 ga Maris, bayan coci

Ni da Mama muka je. Wurin Fuatino a benci babu kowa, ba wadda ta matso ta cike. Fasto ya yi addu'a ya ce "gidaje biyu", bai kama suna ba. Na gode masa da hakan. Da aka tashi dangin Ioelu suka bi ta ƙofar baya.

Talata, 12 ga Maris, da rana tsaka

Ya farka! Ya farka!

Teuila ce ta kira ni daga makaranta tana kuka, ajinsu ɗaya da ƙanwar Manase. Ya buɗe ido, ya gane uwarsa, ya nemi ruwa. Ina tsakiyar raba wa tsofaffi abinci na durƙusa a ƙasa da ludayi a hannuna. Wani tsoho ya ce ko na yar da wani abu ne. Na ce a'a, tsinta na yi.

Yatsun hannunsa na motsi. Ƙafafun dai ba a ce komai ba. Ban tambaya ba.

Na gaya wa Kele, ya rufe fuska da tafin hannu ya daɗe. Bayan nan ya ci ayaba ɗaya. Ɗaya tak, amma ya ci. Ubangiji, na gode, na gode.

Juma'a, 15 ga Maris, da safe

Ina shanya a bayan gida ya zo ya tsaya yana miƙo min kaya daga kwando. Tun da muke bai taɓa yi ba, don haka na sha jinin jikina.

Ya ce, "Na ga idonsa, Leitu."

Na ci gaba da shanya.

"Da ya fito daga wajen likita. Likita ya ce ba komai, amma ni na ga idonsa. Na buga wasan nan, na san idon."

"To, ai ka tambaye shi. Kowa ya ga ka tambaye shi, ya ɗaga kai."

"Da wane harshe na tambaye shi?"

A fili Turanci yake yi wa kowa, ɗan Tonga, ɗan Fiji, Bature, namu, duk ɗaya, wannan dokarsa ce shi da kansa ya kafa ta.

Ya ce, "Da a ce da Turanci na yi masa, da koci ne ke tambayar ɗan wasa. Da wataƙila ya ce kaina na juyawa. Sai na dafa kafaɗarsa, na yi masa harshenmu. Na ce ɗana, za ka iya? Ke gaya min, wane ɗan Samoa ne babba zai dafa kafaɗarsa ya ce masa ɗana, ya buɗe baki ya ce a'a?"

Na ce, "Ba da gangan ka yi ba. Bakinka ne ya suɓuce."

"Ana cin mu, Leitu. Ina bukatarsa a fili. Na san ba zai ce a'a ba, shi ya sa na tambaye shi haka."

Na jefe shi da jiƙaƙƙiyar rigar da ke hannuna. Na jefe shi da ta biyu. Na ce masa abubuwa, ba zan rubuta su ba, wasu a kan ƙwallo, wasu a kan uwarsa da ba ta ji ba ba ta gani ba. Yana tsaye ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Da na gaji sai ya sunkuya ya tsince kayan daga ƙasa, ya kai su ya sake ɗaurayewa.

Na ji haushinsa kamar in mutu. Kuma duk da haka na gode da ya faɗa min, domin da ya ga dama da ya tafi kabari da ita, ba mai sani sai shi da yaron.

Lahadi, 17 ga Maris, da yamma

Ashe Mama ta ji komai ta taga. Yau bayan cin abinci ta ce Teuila ta jawo mata akwatin da ke ƙarƙashin gadonta. Na san abin da ke ciki.

Tabarmar gado ce, wadda kakarta ta saƙa. Laushi kamar zane, gefenta da jajayen gashin tsuntsu, ta tsufa har ta koma launin zuma. Tun muna amare take cewa da ita za a rufe ta ranar da ta mutu, in kuma Teuila ta riga ta yi aure to ta Teuila ce. Ta shimfiɗa ta a cinyarta ta ce, "Kelemete, za ka yi ifoga."

Teuila, da aka haifa a Faransa, ta ce, "Kaka, mene ne shi?"

"Ji min yarinya! Leitu, me kike koya mata, sai latsa waya?" Sai ta juya gare ta. "In ka ɓata wa wani gida ɓacin da baki ba zai gyara ba, sai ka je ƙofarsu kafin gari ya waye, ka zauna a ƙasa, a rufe ka da wannan. Ba ci, ba sha, ba magana. Ka kai itace da duwatsun gashi da ganyen ayaba ka ajiye a gabanka. Ka ce musu ke nan, ga ni, in kun ga dama ku gasa ni kamar dabba."

"Gasa Baba za su yi?"

"Ubanki ya yi tauri, wa zai ci? Mai gidan ne zai fito ya yaye tabarmar, in ya yafe. Tabarmar kuma ta zama tasu."

"In bai yaye ba fa?"

"Sai a ci gaba da zama."

Kele ya ce, "To, Mama." Ko numfashi bai ja ba. Na dube shi, na ce a raina, ga shi nan, shi ma ɗan Samoa ne, babba ta yi magana.

Talata, 19 ga Maris, da rana

Ya kira Mista Holt ya gaya masa, don ya ce ba zai yi a ɓoye ba. Ina jin muryar mutumin daga kicin. Ya roƙa, ya roƙa. Ya ce zama a ƙofar gidan mutane a rufe da tabarma, kowa na ɗauka a waya, daidai yake da tsayawa a kotu ka ce ni ne. Ya ce in aka yi, ba shi da ikon kare shi, kada ma ya sa ran komawa aiki, kuma da wuya wata ƙungiya ta sake ɗaukarsa. Ya ce, "Ka jira a gama bincike mana, za a wanke ka." Kele ya ce, "Na sani. Abin da nake tsoro ke nan."

Bari in faɗi gaskiya, littafin nan ba fasto ba ne. Ba na so. Na bi mutumin nan ƙasa-ƙasa. Na haihu inda ba wanda ke jin harshena. Uwata ta rasu ina Japan ina dafa wa ƙattai shinkafa. Duk don ranar da zai zama babban koci, ga ta ta zo, ko shekara biyu ba a yi ba. Na same shi a gareji na ce masa, "Mu fa? Gidan nan fa? Karatun Teuila fa? In kuma muka zauna Ioelu ya ƙi fitowa, ka rasa aiki ka rasa yafiya, sai me?"

Ya ce, "In kin ce kada in je, ba zan je ba."

Kai, mutumin nan! Ya ɗauki dutsen ya ɗora min a kai, ya koma yana goge takalmin da ba inda zai sa shi.

Laraba, 20 ga Maris, da safe

Ba mu yi magana ba. Ya dafa min shayi, sukari ya yi yawa. Na sha.

Alhamis, 21 ga Maris, da yamma

Daga aiki ban san yadda aka yi ba sai na ga motata a harabar asibiti. Ban yi niyyar shiga ba. Ina zaune sai na hango Fuatino cikin tasu motar, layi ɗaya a gabana, ita kaɗai. Biskit take ci daga leda, a hankali, tana kallon bango. Fuatino da ba ta fita ko zubar da shara sai da fure a kunne, ga furfura ta fito mata fari fat a goshi. Ta gama ta karkaɗe cinyarta, ta dubi madubi, ta gwada murmushi sau biyu, irin wanda za ta shiga wa ɗanta da shi. Sa'annan ta fita.

Na dawo gida na ce wa Kele, "Tashi ka nemo duwatsu."

A Logan ina mutum zai samu duwatsun gashi? Shagon kayan lambu ya je ya sayo na ƙawata fulawa. Itace kuma daga gidan mai, ɗaure cikin raga, har da takardar farashi a jiki. Ganyen ayaba ne kaɗai na gaskiya, maƙwabcinmu ɗan Tonga ya saro mana, bai tambayi na mene ne ba, ya dai rungume Kele. Mama ta zagaya kayan da sandarta ta taɓe baki.

"Da waɗannan za a gasa ka? Ko kifi ba za su gasa ba. Cire takardar nan, kada ka kunyata ni."

Muka yi dariya, mu duka, karo na farko. Na manta yadda dariyar Kele take, kamar ana jan tebur.

Juma'a, 22 ga Maris, da yamma

Na goge masa baƙin zanensa, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa. Gobe.

Asabar, 23 ga Maris, da almuru

Na gaji amma sai na rubuta.

Mun isa gari bai gama wayewa ba. Mu kaɗan ne: Kele, ni, Mama, yayansa da wasu 'yan uwa. Muka jera itace da duwatsu da ganye a kan ciyawar ƙofar gidan Ioelu. Kele ya zauna ya tanƙwashe ƙafa ya sunkuyar da kai, Mama ta rufe shi da hannunta. Ƙaton mutum, sai ga shi ya koma tulin kaya. Muka zauna a bayansa.

Labule ya motsa. Ba wanda ya fito.

Rana ta ɗaga. Wani Bature maƙwabcinsu ya fito da karensa, ya tsaya, ya koma, ya dawo da lema da gorar ruwa. Na girgiza masa kai. Ya ajiye a gefen titi ya tafi yana waiwaye, Allah ya saka masa. Can sai ga motar 'yan sanda, wani ya kira su. Wanda ya fito na ga fuskarsa na san namu ne. Ya dubi tabarma, ya dubi duwatsu, ya cire hularsa, ya koma mota ya matsa ƙarshen layi ya zauna yana kora masu tsayawa ɗaukar hoto.

Samarin gidan suka fito, 'yan uwan Manase. Ɗaya ya zo dab da tabarma ya ce, "Koci, za ka iya? Za ka iya, koci?" Ya sa ƙafa ya watsar da duwatsun. Ashe sun sani. Manase ya faɗa musu. Yayan Kele ya ɗan motsa, Mama ta ɗora masa sanda a cinya ba tare da ta dube shi ba. Wata murya daga ciki ta kira samarin suka koma.

Rana ta take tsaka. Gumi ya jiƙa tabarmar ta yi duhu a bayan Kele. Ƙafafuna suka mutu. Na dubi Mama, leɓunanta sun bushe sun yi fari, na raɗa mata ta je mota ta huta, ta ce, "Rufe min baki." Na ce a raina shi ke nan, ba zai fito ba. Aiki ya tafi, ga tsohuwa za ta mutu mana a ciyawar mutane. Na nemi abin da zan gode wa Allah a kai na rasa, sai na ce masa na rasa.

Sai ƙofa ta buɗe.

Ioelu ne, da zane da farar riga. Ya rame. Ya tako a hankali ya tsaya a kan Kele, ya daɗe, har na ji ƙarar firjin gidansu daga ciki. Ya sunkuya ya kama gefen tabarma ya ɗaga. Na buɗe baki zan yi godiya.

Bai yaye ba. Zama ya yi a ƙasa kusa da Kele, ya ja tabarmar ya rufe kansa shi ma.

Muka dubi juna. Daga ƙarƙashi muka ji muryarsa, a dishe.

"Na tambaye shi, Kelemete. Na ce ɗana, kanka na juyawa, me ya hana ka faɗa? Ya ce, Baba, ai kai ka ce. Tun yana ƙarami nake dukansa in ya ce wa babba a'a. Ranar da ka zo ɗaukarsa, a gabanka na ce masa duk abin da koci ya ce ka ce to. Kai ka tambaya. Ni na koya masa amsa. Ba ni da hannun da zan yaye maka wannan."

Tabarmar ta fara rawa. Ƙattai biyu ƙarƙashin tabarmar tsohuwa, ƙafafu huɗu a waje, suna kuka kamar yara. Ni ma ban san lokacin da na fara ba. Mama ta raɗa min, "Wannan kam ban taɓa gani ba. Mai gida yana ciki, wa zai yaye?" Ba wanda ya sani. Dangin duk sun fito baranda sun yi cirko-cirko.

Sai Fuatino ta ratsa su. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta sauko, ta tsaya a kan mazan nan biyu da hannu a ƙugu. Ta daɗe fiye da mijinta. Ina kallon ƙirjinta na hawa yana sauka, ban san me za ta yi ba, kuma duk abin da ta yi da ban ga laifinta ba.

Ta ce, "Ɗana bai taka ƙasa ba tukuna. Ban sani ba ko zai taka. Kada wanda ya ce min komai ya wuce."

Ba wanda ya yi motsi.

"Amma ya ce in tambaya me ya sa koci bai zo duba shi ba. Kullum sai ya tambaya. Na gaji da yi masa ƙarya."

Ta sunkuya ta kama tabarmar da hannu biyu, ta yaye ta daga kansu gaba ɗaya. Hasken rana ya faɗa musu a fuska, suka rufe ido.

"Ku tashi min daga ciyawa, ku biyun. A ɗauki Mama Apaula a kai ta inuwa, a ba ta ruwa. Kai kuma Kelemete, ka wanke fuskarka kafin ka je masa, kada ka tsorata min yaro."

Aka ɗauki Mama. Mazan suka miƙe suna dafa juna, ƙafafu sun ƙi. Ni ina zaune na kasa tashi. Tabarmar ta yi wa Fuatino girma, tana ta kiciniyar naɗe ta ita kaɗai, gefe ɗaya na jan ƙasa. Sai ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido.

"Leitu, zama za ki yi kina kallona? Kama can."

Na rarrafa na kama. Muka ja baya, muka karkaɗe, muka matso muka haɗa gefe da gefe. Wajen naɗin ƙarshe hannuna ya hau kan nata. Ba ta janye ba.